Nazarin Lamari: Porsche 944 Da Ke Mutuwa Idan Ta Ɗauki Zafi

Motar da mai ita

Motar da wannan nazari ya shafa Porsche 944 ce ƙirar 1986, wadda aka shigo da ita Kano daga Jamus a matsayin ta hannu, ta kuma yi shekaru a ajiye kafin wani ma'aikaci mai sha'awar tsofaffin motoci ya saye ta. Ba da ita yake zuwa aiki ba. Yana fito da ita ne a ƙarshen mako, wani lokaci kuma da yamma bayan la'asar. Kamfanin Porsche ya ƙera wannan samfuri daga 1982 zuwa 1991, kuma wadda ake magana a kanta tana da inji mai silinda huɗu, lita 2.5, a gaba, giyarta kuwa tana baya. Agogon kilomitarta ya daɗe da tsayawa, abin da ya zama ruwan dare a irin waɗannan motoci saboda wani ɗan haƙorin roba da ke karyewa a cikinsa, don haka shekarunta kaɗai aka iya dogara da su wajen kimanta lalacewar kayanta.

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, wajibi ne a san yadda wannan inji yake samun wuta da mai. Ba shi da kafireta. Kwamfuta ce ƙirar Bosch Motronic, wadda Porsche ke kira DME, makanikanmu kuma ke kira birenbos, take yanke lokacin da filogi zai ba da wuta da kuma yawan man da nozul zai fesa. Kwamfutar ba ta yin komai sai ta tabbatar injin yana juyawa, kuma tana samun wannan labari ne daga sensa guda biyu da ke zaune a bayan inji, a saman faifan ƙarfe mai haƙora da ke tsakanin inji da kuloci. Ɗaya tana ƙirga haƙoran faifan don sanin saurin juyi, ɗayar kuma tana jiran wani ɗan ƙusa da ke jikin faifan ya wuce, don sanin inda fistin yake. Ita kanta kwamfutar, tare da nozul da famfon mai, duk suna samun lantarki ne ta cikin rile guda ɗaya, wato makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa, da ke akwatin fis a ƙarƙashin bonet, kusa da gilashin gaba. A cikin wannan rile akwai makunni biyu: na farko yana haɗuwa da zarar an murɗa makulli, ya ba kwamfuta da nozul wuta, na biyu kuma ba ya haɗuwa sai kwamfuta ta ga inji yana juyawa, sannan ya kunna famfo.

Maris: farkon matsalar

A makon farko na Maris, lokacin da zafin Kano ya fara tsananta, motar ta mutu a cikin cunkoso bayan kimanin minti 40 tana tafiya. Mai motar ya bayyana cewa ba ta yi tari ba, ba ta yi shaƙewa ba, ba ta kuma rage ƙarfi a hankali ba. Ta ɗauke ne gaba ɗaya kamar an kashe ta da makulli, alhali fitilun dashbod suna kunne. Allurar zafin ruwa tana tsakiya, fankar lagireto tana aiki. Da ya murɗa makulli, kik ya juya injin da ƙarfinsa, amma injin bai ko yi alamar kamawa ba. Aka tura ta gefen titi, kuma bayan kusan rabin awa ta tashi a bugu ɗaya, ta kai shi gida ba tare da wata matsala ba.

A makonni biyun da suka biyo baya hakan ya maimaitu, kuma tazarar ta riƙa raguwa: daga minti 40 zuwa kamar 25, lokacin jiran ta huce kuma ya riƙa ƙaruwa. Da safe kuwa ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu: gareji na farko

Makanikin da aka fara kai wa motar ya ɗora zarginsa a kan mai. Zargin yana da tushe, domin mai motar ya amsa cewa ya sayi galan biyu a hannun 'yan bumburutu, kuma tun bayan gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shiga kasuwar Nijeriya a Fabrairun 2022, duk motar da ta mutu a hanya man cikinta ake fara tuhuma. An zuƙe tanki, an sami laka da ɗan tsatsa a ƙasansa, an wanke shi, an canza matatar mai. Washegari da safe motar ta tashi, aka ce an gama. Kwana uku bayan haka ta mutu a hanya.

A karo na biyu makanikin ya sa yaronsa ya kwanta kusa da tayar baya, inda famfon mai yake a ƙarƙashin tanki, shi kuma ya murɗa makulli zuwa matsayin da fitilu ke kamawa. Yaron bai ji ƙarar famfo ba. A yawancin motocin da suka saba gyarawa famfo yakan yi gurnani na daƙiƙa biyu ko uku da zarar an murɗa makulli, don haka aka yanke cewa famfon ya gaji, aka sayo sabo aka ɗaura. Sabon ma bai yi ƙara ba a wannan matsayi na makulli, amma da yake motar ta tashi, babu wanda ya tsaya a kan wannan batu.

Mutuwa ta gaba ta faru ne kusa da garejin, don haka makanikin ya iske motar tana da zafi. Ya cire tiyon iska, ya zuba ɗan fetur, aka buga kik, injin bai yi ko tari ba. Ya taɓa fitilar gwaji a jikin koyil, ta kama, sai ya ce wuta tana zuwa, koyil ɗin ne ba ya fitar da ita idan ya yi zafi. Aka canza koyil, aka haɗa da filogi huɗu da murfin distiributa da ɗan abin da ke juyawa a cikinsa. An kuma kira wani mai na'urar binciken kwamfuta, wanda ya duba ƙarƙashin sitiyari bai ga inda zai soka na'urarsa ba, domin mashigar da yake nema ba ta zama dole a motoci ba sai a 1996 a Amurka, shekara goma bayan ƙera wannan mota.

A makon farko na Afrilu, bayan ta sake mutuwa an jawo ta da janwe, garejin ya ba da shawara biyu: ko a nemo wani birenbos daga Legas, ko a sauke injin baki ɗaya a ɗora na wata motar Japan wanda kayansa ke samuwa a Ƙofar Ruwa. Mai motar bai amince da ko ɗaya ba, ya ɗauke ta.

Tsakiyar Afrilu: awo a lokacin da take mace

An kai motar wurin wani dattijon mai rewaya, wato mai gyaran lantarkin mota, da ya daɗe yana aikin tsofaffin Marsandi da BMW, waɗanda da yawansu ke amfani da kayan Bosch masu kama da na wannan mota. Bayan ya saurari labarin, ya ce wa mai motar: "Alhaji, ka bar min ita kwana biyu, kuma kada ka sayo komai. Ina so ta mutu a gabana."

Ya fara da abin da zai iya jawo babbar asara. A wannan inji, idan bel ɗin taimin ya tsinke ko ya tsallake haƙori, fistin yakan bugi bawul, don haka ya buɗe murfin gaba ya duba bel ɗin da alamominsa, ya ga suna daidai, ko da yake robar ta nuna tsufa. Ya kuma auna batir, wanda yawan buga kik ya raunana har yana faɗuwa ƙasa da volt 10 idan ana tayar da inji, ya sa shi a caji ya kwana. Dalilinsa shi ne sensa biyun da ke bayan inji su suke samar da ɗan lantarkinsu daga motsin faifan, kuma idan kik yana juyawa a sanyaye, saƙon da suke aikawa yakan yi rauni har ya rikita awo.

Da safe, injin yana da sanyi, ya ɗauki ma'aunai don ya sami abin kwatantawa. Ya kwance goron da ke ƙarshen bututun da ke raba wa nozul mai, yana tare da tafin hannunsa a ƙasa saboda akwai ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki da ke faɗuwa ya ɓace, ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai. Da aka kunna famfo kai tsaye inji yana kashe, agogon ya nuna bar 2.5, da injin ya tashi yana silo ya nuna kusan bar 2.0, kuma duka biyun su ne abin da ake bukata. Famfon ya zuba fiye da mililita 850 a cikin daƙiƙa 30, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da aka ƙayyade. Ya sa tsohon famfon da aka cire, wanda mai motar ya zo da shi a but, a kan batir, shi ma ya yi aiki. Sensa biyun kuwa kowacce ta nuna kusan om 1,000 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga lantarki), a cikin iyakar da aka yarda da ita ta 600 zuwa 1,600.

Daga nan ya bar agogon a ɗaure, ya maƙala fitilar gwaji a wayar da ke kai wa nozul na farko wuta, ya rufe bonet, ya ajiye motar a rana tana silo. Bayan minti 35 ta mutu. A cikin minti biyar ɗin farko, kafin komai ya huce, ya sami abubuwa huɗu. Babu wuta a filogi. Fitilar da ke kan wayar nozul ta mutu, alhali makulli yana kunne. Allurar da ke nuna juyin inji ba ta motsa ko kaɗan idan ana buga kik. Koyil kuma yana da volt 12 ɗinsa, amma wannan bai ba shi mamaki ba, domin koyil daga makulli yake samun wutarsa kai tsaye, ba ta cikin rile ba.

Ya zare rile ɗin, wanda ya yi zafin da ba a iya riƙe shi da daɗewa, ya ɗauko wata 'yar waya mai baki uku ya haɗa ramuka masu lamba 30 da 87 da 87b a mazauninsa. Nan take aka ji famfo ya kama, aka buga kik, motar ta tashi. Ya cire wayar, ya mayar da rile, ta ƙi tashi. Ya maimaita, sakamakon bai canza ba.

Da ya ɓalle murfin rile ɗin ya duba bayan allonsa da gilashin ƙara girma, sai ga wani siririn zobe baƙi ya kewaye ƙafafu biyu a inda aka liƙe su da dalma. Ido kawai ba ya ganinsa sai an karkata allon ga haske. Dalmar ta tsage ne saboda shekaru na zafi da sanyi da girgiza, ta yadda idan tana da sanyi ɓangarorin biyu suna taɓa juna, idan ta ɗauki zafi kuma su rabu. Ya narkar da tsohuwar dalmar ya sa sabuwa, aka kuma yi odar sabon rile daga waje. Ya gargaɗi mai motar cewa wayar mai baki uku ta gwaji ce kawai, domin muddin tana ciki famfo ba zai daina aiki ba ko an cire makulli, wanda zai iya kashe batir, kuma haɗari ne babba idan aka yi karo tiyon mai ya fashe.

Motar ta yi awa ɗaya da rabi tana silo a rana ba ta mutu ba, aka ba mai ita.

Mayu: ta sake mutuwa

Ta yi kusan mako uku lafiya, sabon rile ma ya iso an saka shi. A mako na biyu na Mayu, a kan hanya mai sarari, mai motar ya ji ta yi wata 'yar fizga, ya kuma ga allurar juyin inji ta faɗi ƙasa ta dawo cikin ƙiftawar ido. Hakan ya faru sau da yawa a cikin 'yan mintuna, sannan ta mutu. Ya saka wayar mai baki uku kamar yadda aka nuna masa, ya ji famfo yana aiki, amma injin bai tashi ba. Ya kira mai rewayan a waya yana mai cewa aikin da aka yi bai yi ba, kuma wataƙila maganar birenbos ce gaskiya tun farko.

Mai rewayan ya sake bin hanyar da ya bi a Afrilu, sai dai wannan karon motar ta ɗauki fiye da awa ɗaya kafin ta mutu. Sakamakon ya bambanta da na baya a wuri guda mai muhimmanci. Babu wuta a filogi, nozul ba sa fesawa, allurar juyi ba ta motsi, amma fitilar da ke kan wayar nozul tana kunne, kuma da aka haɗa famfo agogo ya nuna bar 2.5. Wato lantarki yana isa ga kwamfuta, ita ce dai ba ta ba da umarni. Abu biyu ne ke iya jawo haka: ko kwamfutar ta lalace, ko ba ta samun labarin cewa inji yana juyawa.

Ya ɗaga kafet ɗin gefen fasinja, ya cire allon da ke rufe kwamfutar, ya zare babban soket ɗinta mai ƙafa 35, ya auna daga nan. Tsakanin ƙafa ta 25 da ta 26, inda sensar da ke gane matsayin fistin take shigowa, mita ta nuna ɗan sama da om 1,000. Tsakanin ta 8 da ta 27, wato sensar saurin juyi, mita ba ta nuna komai ba, layin a yanke yake. Domin ya raba tsakanin laifin waya da na sensa, ya koma bayan inji ya auna a soket ɗin sensar kanta, nan ma a yanke. Ya bar mitar a maƙale, bonet a buɗe, kuma bayan kusan minti 25 lambar ta dawo da kanta. Aka mayar da soket, motar ta tashi.

Ƙarshen Mayu: sauya sensa

An yi odar sensa biyu, domin shekarunsu ɗaya kuma robar soket ɗin ta biyun tana marmashewa a hannu. Fitar da tsofaffin ya ci yini guda. Ta saurin juyi ta kafe a cikin mazauninta na alminiyam, an jiƙa ta da man kwance tsatsa an yi ta murɗawa a hankali, daga ƙarshe dole aka kwance mazaunin gaba ɗaya, bayan an toshe ramin da ke kusa da tsumma don kada ƙusa ya faɗa cikin gidan kuloci. Kwance mazaunin yana nufin sai an sake saita tazarar da ke tsakanin bakin sensa da haƙoran faifan, wadda ya kamata ta zama milimita 0.8. Mai rewayan ya manna wani ɗan faifan ƙarfe mai rami (washa) mai wannan kauri a bakin tsohuwar sensa ta biyun, wadda ta fita lafiya, ya zura ta har ta taɓa haƙoran, ya ɗaure mazaunin a haka, sannan ya cire ta ya sa sababbin.

Da aka gama, motar ta ƙi tashi sam, ko da sanyi, abin da ba ta taɓa yi ba. Binciken bai daɗe ba. Soket ɗin sensa biyun iri ɗaya ne, kowanne yana shiga mazaunin ɗan'uwansa, kuma alamun DG da BG da ke bambanta wayoyin sun goge saboda tsufa, sai yaron shagon ya sauya su. Da aka mayar da kowanne wurinsa ta tashi a bugu ɗaya.

An saka tsohuwar sensar a ruwan zafi, mita tana maƙale da ita. Kafin ruwan ya tafasa layin ya yanke, da ta huce kuma ya dawo.

Yuni zuwa Agusta: sakamako

Da yake damina ta sauka kuma zafin gari ya ragu, tafiya a hanya kaɗai ba za ta isa shaida ba, don haka an maimaita gwajin silo da bonet a rufe na awa biyu a ranar da aka sami rana mai ƙarfi, motar ba ta mutu ba. Bayan haka ta je Zariya ta dawo a yini ɗaya, ta kuma shiga cunkoson cikin gari sau da dama. Zuwa ƙarshen Agusta ba ta sake mutuwa ko fizga ba. An duba ƙarƙashin mazaunin batir, inda tsatsa kan huda ƙarfe ruwan sama ya zubo wa kwamfuta, aka tarar a bushe yake. Kwamfutar ta asali ce har yanzu a cikin motar.

Hukunci

Laifi biyu ne suka haɗu a wannan mota, dukansu zafi ke tayar da su, kuma alamarsu ga direba kusan ɗaya ce. Rile ɗin yana yankewa da wuri, don haka injin bai cika kaiwa zafin da zai yanke sensar ba sai bayan an gyara shi. Wannan ne ya sa gyaran Afrilu, wanda daidai ne, ya yi kama da kuskure a watan Mayu, kuma da a lokacin aka sayo birenbos, da motar ta ci gaba da mutuwa da sabuwar kwamfuta a cikinta.

Wanke tanki da canza matata a gareji na farko aiki ne da motar take bukata, ko da ba shi ne maganin matsalar ba. Famfo da koyil kuwa an canza su ne a kan fahimta biyu da ba su dace da wannan mota ba: cewa famfo zai yi ƙara da zarar an murɗa makulli, da cewa samun wuta a koyil yana nufin sauran layin lafiya yake. Mafi nauyin abin da aka tsallake shi ne gwajin da makanikin ya yi da hannunsa, lokacin da ya zuba fetur a bakin iska injin bai yi tari ba. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da mai daga zargi, sannan siffar mutuwar, ɗaukewa gaba ɗaya ba tare da shaƙewa ba, tun ranar farko lantarki take nunawa, domin injin da mai ya yanke wa yakan yi rauni na 'yan daƙiƙu yayin da ƙarfin man da ke bututu yake sauka. Ban ga laifinsa a rashin sanin Porsche ba, mota ce da ba kasafai ake ganinta a Kano ba. Inda ya gaza shi ne karɓar tashin safe a matsayin shaidar gyara, alhali motar ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba tun kafin a taɓa ta.

Kayan aikin mai rewayan ba su wuce mita da fitilar gwaji da agogon mai da guntuwar waya ba. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne ya ɗauki ma'auni da sanyi, ya jira laifin ya bayyana, ya sake ɗaukar ma'aunin a wurare guda cikin mintunan da laifin yake nan. Kuskuren da za a iya ɗora masa shi ne sallamar motar a Afrilu ba tare da ya auna sensa biyun da zafi ba, tunda ya san shekarunsu, da kuma barin yaro ya zare soket biyu masu kama da juna ba a yi musu alama ba.

A lokacin aikin an lura cewa tiyo biyu na mai da ke ratsawa ta saman bututun hayaƙin inji sun fara tsagewa, wuri ne kuma da aka san yana jawo gobara a wannan samfuri. An canza su tare da bel ɗin taimin a watan Yuli.